*There is* ko *there are*? Yadda za ka zaɓi aikatau idan abin da kake lissafawa ya wuce ɗaya

Ɗauki wannan jimlar ka cike gurbin: *There ___ a pen and a book on the table.* Idan ka sa *are* kana da hujja, domin biro da littafi abu biyu ne. Idan kuma ka sa *is* kana da hujja, domin haka galibin waɗanda suka tashi da Turanci a baki suke faɗa, haka kuma da yawansu suke rubutawa. Wannan ɗan gurbin ya sha jawo gardama tsakanin malamai, ya kuma sa an ja wa ɗalibai jan biro a kan amsar da ba ta da laifi. Abin yana damuna, domin yaron da aka soke wa daidai yakan daina amincewa da kansa har a wuraren da ya iya. Saboda haka bari mu bi abin daki-daki, mu ware inda ƙa'ida take guda ɗaya tak da inda take da fuska biyu.

Kafin mu shiga, ya kamata mu san dalilin da ya sa kunnenmu ba ya taimaka mana a nan. Jituwa tsakanin aikau (wanda jimla ke magana a kansa) da aikatau (kalmar aiki, irin *is* da *are*), wadda malaman Turanci ke kira *concord*, ba baƙuwarmu ba ce. Muna cewa yaro ya zo, yarinya ta zo, Audu da Larai sun zo, kuma babu Bahaushen da zai ce "yara ya zo". Amma "akwai" ba ta motsi. Akwai yaro, akwai yara, akwai yaro da yarinya, duk bakinsu ɗaya. "Babu" ma haka take. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su ma sun saba da *il y a*, wadda ba ta sauyawa ko abu ɗaya ne ko dubu. Turanci kuwa ya ce sai ka zaɓa, kuma sai ka zaɓa tun kafin ka ambaci abin da kake magana a kai. To a nan gizo ke saƙar.

Mataki na farko: tabbatar wace *there* ce a gabanka

*There* iri biyu ce. Akwai mai nuna wuri, wato "can", akwai kuma wadda ba ta nuna ko'ina, aikinta kawai ta buɗe jimla don a sanar da samuwar wani abu. Duba su tare: *There is a man there.* Ta ƙarshen ita ce "can". Ta farkon ba ta da ma'anar wuri ko kaɗan, shi ya sa za ka iya cewa *There is a man here* ba tare da magana ta ci karo da kanta ba. A baki ma ba a danna ta, wucewa ake yi da sauri.

Ita wannan ta farkon kamar yaron da aka tura tasha ne ya riƙe wa babansa kujera a mota: yana zaune a wurin, amma ba shi ne matafiyin ba. Ta zauna a mazaunin aikau, shi ya sa ake juya ta a tambaya a ce *Is there…?*, amma ainihin wanda ake magana a kansa yana zuwa ne bayan aikatau. A rubutu mai bin ƙa'ida, aikatau yana duban sunan da ya biyo bayansa ne, ba *there* da ta riga shi zuwa ba.

A kula da wani kuskure da ke yawan fitowa a takardun ɗalibai, wato rubuta *They are many people in the market* a maimakon *There are many people in the market*. Kamannin furuci ne ke jawo shi. Idan "akwai" kake nufi, *there* ce, ba *they* ba, ba kuma *their* ba.

Mataki na biyu: nemo ainihin sunan, ka share abin da ya lulluɓe shi

Bayan aikatau za ka tarar da jerin kalmomi, kuma ba duka ne ke da iko a kansa ba. Ɗauki *There is a bag of onions in the kitchen.* Albasa jam'i ce a nan, amma buhu ake magana, buhun kuma ɗaya ne, don haka *is*. Haka *There is a box of matches*, haka *There is a pair of shoes under the bed.* Duk abin da ya biyo bayan *of*, *in*, *on*, *with* ƙarin bayani ne, rufe shi da yatsa ka ga me ya rage.

Sai dai akwai wasu 'yan kalmomi da suka yi kama da buhu da akwati amma aikinsu nuna yawa ne kawai. Su ne irin *a lot of*, *lots of*, *plenty of*, *a number of*, *a couple of*. A wurinsu sunan da ya biyo baya ne ke yanke hukunci. Za ka ce *There are a lot of people outside*, amma *There is a lot of water on the floor.* Za ka ce *There are a number of mistakes*, duk da *a* ɗin da ke gaba. Kada *a* ta ruɗe ka, tambayi kanka: abin da nake nufi mazubi ne guda ɗaya, ko kuwa "da yawa" kawai nake son cewa?

Mataki na uku: idan sunan ɗaya ne

Nan babu wahala sosai. Tilo yana tafiya da *is*, jam'i da *are*, abin da ba a ƙirgawa kuma da *is*. Tarkon yana cikin rukuni na ukun, domin Turanci ya ƙi ƙirga wasu abubuwan da mu muke ƙirgawa. *Furniture*, *equipment*, *luggage*, *information*, *advice*, duk ba su da jam'i, don haka *There is new equipment in the lab.* *News* ma tilo ce duk da *s* ɗin da ke wutsiyarta: *There is good news.* A ɗaya ɓangaren, *people*, *police* da *cattle* jam'i ne ko da yake ba su da *s*: *There are police at the gate.* *Trousers* da *scissors* jam'i ne, sai in ka sa musu *a pair of*.

Kuɗi da nisa da lokaci, idan dunƙule su ka yi a matsayin adadi guda, suna karɓar tilo: *There is five thousand naira in the envelope.* Idan takardun kuɗin kake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, sai jam'i: *There are five notes in the envelope.* Sai wasu biyu da ya fi sauƙi a haddace su yadda suke: *There is more than one way*, amma *There are one or two problems.*

Mataki na huɗu: sunaye biyu ko fiye da aka haɗa da *and*

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma a nan za mu daɗe. Abu na farko, dubi sunan da ya fara zuwa bayan aikatau.

Idan na farkon jam'i ne, magana ta ƙare, *are* ce, ko me ya biyo baya. *There are three chairs and a table in the room. There are goats and sheep in the yard.* Babu malamin da zai yi maka gardama a kan wannan, domin lissafi da kunne sun yarda da juna.

Idan na farkon tilo ne, sai hanya ta rabu biyu. Masu bin lissafi suna cewa juya jimlar ka gani: *A table and three chairs are in the room.* Tunda a wannan tsarin babu mai cewa *is*, to ko an sa *there* a gaba adadin bai canja ba, don haka *There are a table and three chairs in the room.* Hujja ce mai ƙarfi, kuma jimlar ba kuskure ba ce. Masu bin kusanci kuma suna cewa aikatau yana jituwa da sunan da ke manne da shi: *There is a table and three chairs in the room.* Wannan ita ce ta fi yawa a bakin Turawan Ingila da na Amurka, tana kuma fitowa a jaridu da littattafan da editoci suka tace.

Ba ra'ayin 'yan kasuwa ba ne kawai. Babban littafin nahawun Turanci da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985 ya bayyana cewa abubuwa uku ne ke jan aikatau: siffar sunan a nahawu, ma'anar da ke zuciyar mai magana, da kuma kusanci. Galibi ukun nan suna tafiya tare, shi ya sa ba ma lura da su. A jimlar *there* mai *and* ne suke rabuwa, ma'ana ta ja gefe guda, kusanci ya ja ɗaya gefen.

Me ya sa kusanci ke yin nasara a nan alhali ba ya yi a jimla ta yau da kullum? Ka lura da yadda magana ke fita. Wanda ya ce *A table and three chairs…* ya riga ya gama lissafinsa kafin ya iso ga aikatau, ya san abubuwa huɗu ne. Wanda ya fara da *there* kuwa dole ya furta aikatau tun bai jero kayan ba. Ya leƙa ɗaki, idonsa ya faɗa kan tebur, ya ce *There is a table*, sannan ya ga kujeru ya ƙara *and three chairs*. Mai sauraro ma haka yake karɓa, ɗaya bayan ɗaya, tamkar an ce *there is a table and there are three chairs* aka taƙaita. Ga kuma nauyin furuci. Faɗi *there are a table* da ƙarfi ka ji yadda *are* da *a* suke karo. Kunnen da ya saba da Turanci yana jin jam'i ya faɗo kan tilo, sai ya yi turus kafin sauran jimlar ta zo ta wanke shi.

Akwai wurare uku da tilo ya fi ƙarfi ƙwarai, har *are* takan zama abin ƙi.

Na farko, idan sunayen ba a ƙirga su. *There is rice and oil in the store. There was dust and smoke everywhere. There was shouting and crying.* Da wuya ka ji wanda ya iya harshen ya ce *There are rice and oil.*

Na biyu, idan abubuwan biyu sun zama abu guda a ma'ana. *There is bread and butter for breakfast.* Mai abinci da ta ce *There is rice and beans* kwano ɗaya take nufi, ba buhu biyu ba. Haka idan mutum ɗaya ke riƙe da muƙami biyu: *There is a secretary and treasurer* na nufin mutum guda ne sakatare kuma ma'aji. Da zarar ka ƙara *a* ta biyu, *a secretary and a treasurer*, sun zama mutum biyu, ka koma kan waccan hanya mai rassa biyu. Ƙaramar kalma ce, amma a tsarin mulkin ƙungiya tana iya zama sanadin rigima, don haka a kula da ita.

Na uku, idan ana jero sunayen da aka riga aka sani don amsa tambaya. Wani ya ce wa zai taimaka da aikin, sai a amsa: *Well, there's Audu, Larai and the driver.* A irin wannan jeri kusan kullum tilo ake ji.

To wanne za ka ɗauka idan tebur da kujeru ne, ko biro da littafi? Ga matsayina. A magana, da saƙon waya, da wasiƙar zumunci, da labari, bi kusanci ka ce *there is*, hankalinka kwance. A rubutun da za a auna ka da shi, kamar takardar neman aiki, rahoton ofis ko kundin digiri, kada ka tsaya kare ko wanne ɓangare, sake gina jimlar yadda gardamar ba za ta taso ba. Yadda ake yin haka na nan tafe a ƙasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wa ɗalibi ɗaya daga cikin biyun jahilci ne.

Mataki na biyar: idan mahaɗin ba *and* ba ne

*Or* da *nor* ba sa tara abubuwa, zaɓi suke bayarwa, don haka babu lissafin da za a yi. Kusanci ne kaɗai ke aiki, kuma kowa ya yarda da haka. *There is a nurse or two attendants on duty every night. There are two attendants or a nurse on duty every night.*

Amma ga inda ɗalibai masu ƙoƙari suke faɗawa rami. An koya musu cewa a *either… or* da *neither… nor* sunan ƙarshe ake bi, suka haddace. Gaskiya ne a jimla irin *Neither the doctor nor the nurses are here*, domin a can sunan ƙarshe ne ke kusa da aikatau. A jimlar *there* kuwa aikatau yana gaba, saboda haka na farko ne makusanci: *There is neither a doctor nor nurses here.* Ƙa'idar ba "bi na ƙarshe" ba ce, "bi na kusa" ce. Wanda ya riƙe ta a haka ba zai ruɗe ba ko an juya masa jimla.

Sai *as well as*, *together with*, *along with*, *in addition to*. A ma'ana suna kama da *and*, amma a nahawu 'yan rakiya ne kawai, ba sa ƙara wa aikau yawa. Sunan farko ne ke da iko: *There is a borehole as well as two wells in the village. There are two wells as well as a borehole in the village.*

Mataki na shida: *there's*

Za ka ji Bature ya ce *There's two men at the door*, ko *There's lots of cars today*, ka yi mamaki. Ba ɓarin baki ba ne. Taƙaitacciyar *there's* ta daɗe da zama kamar dunƙulalliyar kalma a magana, tana shiga gaban tilo da jam'i, kusan yadda "akwai" take yi mana. Abin ya tsufa: a wasan *Macbeth* na Shakespeare, wanda aka rubuta sama da shekara 400 da suka wuce, akwai layin *There's daggers in men's smiles.* Nahawun Longman na 1999, wanda Douglas Biber da abokan aikinsa suka gina a kan tarin maganganu da rubuce-rubucen mutane na haƙiƙa, ya nuna cewa wannan salon ya yawaita ƙwarai a hira. Wani dalilin shi ne *there're* tana da wuyar furtawa, harshe yana sarƙewa. Haka ake jin *Here's your keys* da *Where's my shoes?*

Iyakar wannan sassaucin a bayyane take. Na baki ne, kuma na taƙaitacciyar siffar ne. Da zarar ka buɗe ta ka rubuta *There is two men*, ka yi kuskure a idon kowa. A rubutun makaranta da na aiki, jam'i a gaba yana nufin *there are*, a rubuce cikakkiya.

Mataki na bakwai: sauran lokuta da sauran aikatau

Duk abin da muka faɗa yana aiki a kan *was* da *were*, da *has been* da *have been*: *There was a bus and two cars. There have been two meetings and a protest.* Inda ake mantawa shi ne idan wani aikatau ya shiga tsakani. Shi ne zai ɗauki jituwar, ba *be* ba: *There seems to be a problem*, amma *There seem to be three problems.* Haka *appear*, *happen*, *remain*, *exist*: *There remain two questions.* Haka *There is going to be a meeting* da *There are going to be changes.*

Labari mai daɗi shi ne *will*, *would*, *can*, *could*, *may*, *might*, *must*, *should* da *used to* ba sa sauyawa sam. *There will be a speech and two songs.* Babu zaɓi, babu gardama.

A tambaya ma haka: *Is there a pen and a book in the bag? Are there books and a pen in the bag? How many are there? How much is there?* A korewa, *no* tana karɓar duka biyun, sunan ne zai nuna: *There is no teacher. There are no teachers.*

Mataki na takwas: duba abin da ya biyo baya

Wannan matakin ana yawan tsallake shi. Ka zaɓi *is* saboda kusanci, to amma mutanen ba su koma mutum ɗaya ba. Sassaucin ya tsaya a kan aikatau na farko kawai. Dubi wannan: *There is a man and a woman outside who want to see you. They have been waiting since morning.* An fara da *is*, amma *want* jam'i ne, *they* ma jam'i, domin a lokacin an riga an san su biyu ne. Idan ka rubuta *who wants*, mai karatu zai ɗauka matar ce kaɗai ke son ganinka.

'Yar tambayar da ake liƙawa a ƙarshe kuwa tana maimaita aikatau na farko ne, da *there*, ba *it* ko *they* ba: *There is a pen and a book, isn't there? There are books and a pen, aren't there?* Ɗabi'ar liƙa *isn't it* a bayan kowace jimla ba ta da wuri a nan.

Mataki na tara: hanyoyin kauce wa gardamar

Mafi sauƙi, sa jam'in a gaba. *There is a table and three chairs* ta koma *There are three chairs and a table.* Idan duka tilo ne, ba su adadi: *There are two items on the table: a pen and a book.* Ko ka cire *there* gaba ɗaya: *A pen and a book are on the table.* Ko ka mai da wurin ya zama aikau: *The room has a bed, a table and a fan.* Wannan ta ƙarshen ita na fi so a rahoto, domin ta fi gajarta, kuma tana hana sakin layi cika da *there is*, *there is* har mai karatu ya gaji.

Bari mu gwada a kan rubutu irin wanda shugaban makarantar firamare zai aika wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ga daftarin farko:

*There is many problems in our school. There are a headmaster's office as well as six classrooms. There are a borehole and two toilets, but there is no doors on the toilets. In the store there are chalk and old furniture. There seems to be cracks in three classrooms. There has been two meetings and a visit by parents.*

Jimla ta farko: *problems* jam'i ne shi kaɗai, don haka *There are many problems.* Ta biyu: mahaɗin *as well as* ne, ɗan rakiya, sunan farko kuma ofis ne guda, don haka *There is a headmaster's office as well as six classrooms.* Ta uku tana da gaɓa biyu. *There are a borehole and two toilets* ba kuskure ba ce, amma tana da nauyi a kunne, kuma tunda takardar hukuma ce gara a juya ta: *There are two toilets and a borehole.* Gaɓar bayanta kuwa kuskure ce ƙarara, *doors* jam'i ne, sai *there are no doors*. Ta huɗu: alli da kayan katako duka ba a ƙirga su a Turanci, don haka *there is chalk and old furniture*. Ta biyar: tsagewar bango da yawa ce, *There seem to be cracks.* Ta shida: na kusa jam'i ne, *There have been two meetings and a visit by parents.*

Ka lura, a cikin gyare-gyare bakwai ɗin nan guda ɗaya ne kawai ya shafi wurin da masana suka saɓa. Sauran shidan ƙa'idarsu a tsaye take. Haka abin yake a yawancin rubutu: inda ake asarar maki ba a kan biro da littafi ba ne, a kan *furniture* ne, da *as well as*, da *seem*.

Ga mai shirin jarrabawa, da mai koyarwa

Idan WAEC, NECO ko JAMB ke gabanka, ba da ƙarfinka ga wuraren da amsarsu ɗaya ce: sunayen da ba a ƙirgawa, *a number of*, *neither… nor*, 'yan rakiya, da 'yar tambayar ƙarshe. Idan ka ci karo da tambayar zaɓi mai *and* wadda sunan farkonta tilo ne, fara da duba lokacin jimlar, domin sau da yawa *yesterday* ko *since* za su kore maka biyu daga cikin zaɓin. Sannan duba ko abubuwan biyu abu guda ne a ma'ana ko ba a ƙirga su, in haka ne tilo za ka ɗauka kai tsaye. Idan bayan duk wannan *is* da *are* suka rage a kan abubuwa biyu mabambanta, shawarata ka bi na kusa, sai fa in littafin da makarantarku ke aiki da shi ya tsaya ƙarara a kan jam'i. A ɓangaren insha'i kuwa kai ke da alƙalami, yi amfani da dabarun mataki na tara.

Malamai kuma, ina roƙonku abu biyu. Kada ku sa irin wannan jimlar a tambayar da amsarta dole ɗaya ce. Idan kuma ɗalibi ya rubuta *There is a mosque and a market near our house* a insha'insa, ku bar masa makinsa, in ya so ku rubuta masa a gefe cewa a takardar hukuma zai iya cewa *Our house is near a mosque and a market.*

Ga biyar ka gwada kafin ka duba amsa:

*There ___ some luggage and a bicycle on the roof.*
*There ___ neither chairs nor a mat in the room.*
*There ___ to be a number of errors in the list.*
*There ___ a driver together with two mechanics at the gate.*
*There ___ a boy and a girl here who ___ lost their tickets.*

Ta farko *is*, domin *luggage* ba a ƙirga ta kuma ita ce a kusa. Ta biyu *are*, domin *chairs* ne makusanta. Ta uku *seem* ko *appear*, ba tare da *s* ba, saboda *a number of* yawa take nunawa. Ta huɗu *is*, direba ne aikau, makanikai 'yan rakiya. Ta biyar, gurbin farko yana karɓar *is*, yana kuma karɓar *are* ga mai bin lissafi, amma gurbi na biyu *have* ne kaɗai.